Shafi Takwas na Mujallar Kiɗa: Nazarin Aikin Wata Ɗaliba a Garwa

Asalin lamarin

Wannan nazari ya shafi wata ɗaliba ce a Garwa, babban birnin yankin Arewa na Kamaru, wadda ke shekararta ta biyu a wata cibiyar koyar da sana'a mai zaman kanta, inda take neman takardar BTS a fannin zane da kwamfuta. BTS shaida ce ta karatun shekara biyu bayan bakaloriya, wato jarrabawar kammala sakandare, kuma kamar yadda aka saba a ɓangaren ilimin Faransanci na ƙasar, ana ba da maki ne a kan 20, wanda ya kai 10 ya tsallake.

A farkon Fabrairu malamin darasin tsara shafi ya ba ajin aikin da zai cinye zangon karatun gaba ɗaya. Kowane ɗalibi zai ƙirƙiro mujallar kiɗa mai shafi 8, da bangonta da shafin ƙunshiya da babban labari mai cin shafi biyu, ya buga ta a takarda, sannan ya haɗa da rahoton da zai auna aikin nasa da kansa. An ware maki 12 ga shafukan, 8 ga rahoton. Za a duba aikin sau biyu, zubin farko a tsakiyar Maris, na ƙarshe a farkon Yuni, domin a baje abin da aka yi ranar 21 ga Yuni, ranar bikin kiɗa da aka faro a Faransa a 1982, wanda ake yi a biranen Kamaru kowace shekara.

Yawancin 'yan ajin sun zaɓi kiɗan makosa ko bikutsi na kudancin ƙasar, ko waƙoƙin matasa na zamani, suka kwaso hotuna daga intanet. Ita kuwa ta zaɓi wani dattijo mai busa algaita a unguwarsu, da 'yan gidansa masu kakaki da ganga, waɗanda ke kiɗan fada ranar Juma'a da lokutan sallah, irin kiɗan da fadojin lamidai suka yi tarayya a kansa da fadojin ƙasar Hausa da Borno. Ta yanke shawarar mujallar ta fito da Hausa, tunda da Hausa aka yi hirar kuma mutanen unguwa take so su karanta, tare da fassarar Faransanci, tunda da shi za a ba ta maki. Kayan aikinta su ne tsohuwar kwamfutar hannu da take rabawa da yayanta, da wayarta, da data da take saye ta yini. Wutar lantarki kuma ba ta da tabbas a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa kan haura digiri 40.

Fabrairu: tattara kaya da zubin farko

Hirar ta ɗauke ta da waya a zauren dattijon, ta rubuta ta da hannu, sannan ta buga a wayar. Hotunan kuwa wani ɗan uwanta ne ya ɗauka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya turo mata ta manhajar saƙo. A fuskar waya sun fito tas, musamman wanda dattijon ya cika kumatu da iska yana busa, faifan bakin algaitar ya danne leɓɓansa.

Ta yi zanen ne a wata manhaja ta intanet mai shiryayyun samfura, a girman A4, wato milimita 210 a 297. Abin koyinta bangayen mujallun Turai da Amurka ne da ta gani a intanet, saboda haka ta jera kanun labarai bakwai a bango, da ja da rawaya, ta yi amfani da salon haruffa biyar a shafuka takwas ɗin. Babban labarin ta zuba shi da farin rubutu mai girman haruffa lamba 8 a kan baƙin shafi, a ginshiƙai huɗu ƙanana, kowane layi an miƙe shi ya taɓa gefen hagu da na dama. Hoton da ta fi alfahari da shi, na masu kakaki biyu sun ɗaga dogayen kakakinsu sama, ta shimfiɗa shi ya ratsa shafi na 2 da na 3, ta ɗora ƙunshiya a kansa.

Don auna aikin, ta tura hotunan shafukan zuwa zauren saƙo na ajinsu. Amsoshin da suka zo duk yabo ne, mafi yawa kalma biyu ko uku. A daftarin rahotonta ta rubuta cewa masu karatu sun karɓi mujallar hannu bibbiyu, ta cika sauran shafukan da bayanin launukan da ta zaɓa da dalilin da ya sa take son su.

Tsakiyar Maris: bugun farko

Daren jajibirin miƙa aiki ta kai fayil ɗin wani shagon buga takardu kusa da kasuwa. An buga shi a takarda A3 mai nauyin giram 80, gaba da baya, aka ninke, aka ɗinke tsakiya da waya. Wannan ne karo na farko da ta ga aikin a wajen fuskar na'ura.

Hoton bango ya fito dishi-dishi, naɗin rawanin dattijon ya zama farin dunƙule, ba a ganin lanƙwasarsa. Daga baya aka gano cewa manhajar saƙon ta matse hoton zuwa fiksel 1280 a tsawonsa, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto. Ƙa'idar da masu bugu ke bi ita ce ɗigo 300 a kowane inci, kuma da wannan lissafi hoton ba zai wuce santimita 11 ba, alhali ita ta ja shi ya rufe santimita 29.7, abin da ya saukar da shi zuwa kimanin ɗigo 109 a inci.

Haruffa masu lanƙwasa sun ba da matsala iri biyu. Salon da ta zaɓa don kanun labarai ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai manhajar ta aro su daga wani salon ba tare da ta sanar ba. A waya ba a lura, amma a kan takarda, cikin kalmar "kiɗa" da aka rubuta da manyan haruffa masu kauri, ɗ ɗin ta tsaya siririya a tsakanin 'yan uwanta. A cikin labarin kuma, inda ta buga da allon waya marar waɗannan haruffa, ta bar su babu lanƙwasa, har jimlar da ke maganar baƙin da suka zo fada ta koma maganar baki. Kirarin da makaɗan ke yi da Fulatanci, wanda ta sa a akwati, shi ma ya rasa ŋ da ƴ.

Baƙin shafin bai kai bakin takarda ba, domin injin shagon yana barin farin zobe na kusan milimita 5 a kowane gefe, kuma bayan ninkewa zoben ya fi faɗi a wani gefen. Inda aka ninke, baƙin ya tsage ya bar farin layi. Siraran sassan farin rubutun sun cike da baƙi, ta yadda e da o suka yi kama da juna. Jan da ke walƙiya a fuskar kwamfuta ya fito kamar jar ƙasa, saboda fuskar na'ura tana haɗa launi da hasken ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa yana haɗawa da launuka huɗu na tawada, waɗanda ba su iya kai wa ga wannan hasken. Kakakin da ya ratsa shafi na 2 da na 3 ya karye a tsakiya: rabin da ke dama ya ɗaga sama da kusan milimita 3.

Malamin ya ba da 9 a kan 20 a matsayin makin wucin gadi, 6 na shafuka da 3 na rahoto. A gefen rahoton ya rubuta cewa an ba shi labarin abin da aka yi, amma ba a auna komai ba.

Ƙarshen Maris: gyaran da bai yi magani ba

Ɗalibar ta ɗora laifin a kan injin shagon. Ta kai fayil ɗin wani shago na daban, ta biya ƙari aka buga mata a takarda mai sheƙi ta giram 135. Jan ya ɗan farfaɗo, amma farin zoben yana nan, kakakin yana nan a karye, dishi-dishin hoton ma ya fi fitowa fili, domin takarda mai santsi ba ta ɓoye komai.

Daga nan ta koma kan hoton, ta buɗe shi a manhajar gyaran hoto, ta ƙara yawan fiksel ɗinsa har lissafi ya nuna 300. Fayil ɗin ya yi nauyi, hoton bai canza ba, tunda manhajar ba ta da inda za ta samo zaren rawanin da aka riga aka zubar. Lanƙwasar ɗ ta kan labari ta zana ta da hannu ta manna, wannan ya yi kyau a wuri ɗaya, amma ba abin da za a yi wa labari mai kalmomi ɗaruruwa ba ne. Don farin rubutun ya karantu, ta ɗaga shi daga lamba 8 zuwa 11 ba tare da ta rage yawan ginshiƙan ba. Yanzu kowane layi bai wuce kalma uku ko huɗu ba, kuma da yake an tilasta wa layukan taɓa gefe biyu, sai manyan giɓi suka buɗe tsakanin kalmomi, suna gangarowa daga layi zuwa layi. Da ta kunna tsarin raba kalma a ƙarshen layi don ta toshe giɓin, manhajar ta bi dokar Faransanci, ta riƙa raba ts da sh gida biyu, t a ƙarshen layi, s a farkon na gaba, alhali a Hausa kowannensu sauti ɗaya ne.

Zuwa ƙarshen watan, kuɗin da ta ware don bugu uku ya ƙare a kan biyu.

Afrilu: farawa daga wurin mai bugu

Da ta kai wa malamin bugu na biyu, bai duba shi da tsawo ba. Ya ce mata ta ajiye kwamfuta tukuna, ta koma shagon farko da safe lokacin da babu layi, ta tambayi mai injin abin da injinsa ke iyawa da abin da ba ya iyawa. Mai shagon ya nuna mata cewa babu yadda za a yi launi ya kai bakin A3 a injinsa, sai dai a buga ƙaramin shafi a tsakiyar takardar a yanke gefen da wuƙar yankan takarda, wadda yake da ita a bayan shago. A nan aka sauya girman mujallar zuwa milimita 190 a 270. Shafi biyu a jere sun zama 380 a 270, aka ƙara rarar milimita 3 a kowane gefe don hoto ya wuce layin yanka, jimla 386 a 276, wanda ya zauna cikin A3 mai 420 a 297 har da wurin alamomin yanka.

Mai shagon ne kuma ya warware zancen kakakin, ba da dogon bayani ba. Ya ɗauki farar takarda biyu, ya ninke su tare, ya ba ta biro ya ce ta rubuta lamba 1 zuwa 8 a shafukan, sannan ya zare su ya shimfiɗa a kan tebur. Shafi na 8 yana kusa da na 1, na 2 yana kusa da na 7, na 6 yana kusa da na 3, na 4 yana kusa da na 5. Wato shafi na 2 da na 3, da take gani manne da juna a kwamfuta, a takardu biyu dabam suke, kuma ƙaramin gocewa wajen jan takarda ko ninki ya isa ya karya duk layin da ya ratsa su. Ban da bangon gaba da na baya, wuri ɗaya tak a mujalla mai shafi 8 da hoto zai ratsa ba tare da wannan haɗari ba shi ne tsakiya, shafi na 4 da na 5. Can aka mayar da masu kakaki, babban labarin ya bi su.

Ta bar manhajar intanet ta koma manhajar tsara shafi ta Scribus, wadda kyauta ce, tana aiki ko babu data, tana kuma ba da damar sa rarar yanka da fitar da PDF mai ɗauke da haruffansa a ciki. Makon farko a kanta ya yi mata wuya, kuma kusan duk aikin dare take yinsa, idan zafi ya sauka kuma an kawo wuta. Ta bar gefen ciki milimita 16, na waje 14, faɗin rubutu ya rage 160. Wannan ta raba shi gida shida, kowanne milimita 22.5, da tazarar milimita 5 a tsakani. Gida uku sun ba da ginshiƙi mai milimita 77.5 na babban labari, wanda ke ɗaukar haruffa kimanin 45 a layi, gida biyu sun ba da mai milimita 50 na gajerun labarai da bayanin hotuna. Abin da littattafan tsara shafi suka saba ba da shawara shi ne haruffa 45 zuwa 75 a layi don dogon karatu, don haka tana bakin ƙasa na wannan iyaka.

Salon haruffa biyar suka koma biyu: Charis SIL don jikin labari, Andika don kanun labarai da bayanin hoto. Dukkansu na ƙungiyar SIL mai aikin nazarin harsuna ne, ana sauke su kyauta, kuma an yi su ne da harsuna irin namu a zuciya, suna da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ da ŋ manya da ƙanana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Kamaru, inda haruffan bai-ɗaya na harsunan ƙasa da aka amince da su a 1979 suka ƙunshi alamomin da salon haruffa da yawa na talla ba su san da su ba. Jikin labarin ya koma baƙi a kan fari, lamba 10 da tazarar layi 13, an daidaita shi a hagu an bar dama ta tafi yadda ta zo, an kashe raba kalma a rubutun Hausa gaba ɗaya. Baƙin rubutun ta sa shi ya fito daga baƙar tawada kaɗai, domin idan aka haɗa shi daga launuka huɗu, ƙaramin gocewa kan sa haruffa su yi inuwa mai launi.

Hotunan asali suna nan a wayar ɗan uwanta, fiksel 4000 a 3000. An kwashe su da igiyar waya kai tsaye zuwa kwamfuta. Na bango ya ba da fiye da ɗigo 360 a inci, na tsakiya kuwa, da yake ya rufe milimita 386, ya tsaya a kimanin 263. Bai kai 300 ba, amma da aka buga gwajin rabinsa a A4 an ga ya wadatar.

Kafin ƙarshen watan ta kai wa dattijon gwajin baƙi da fari, don ya ga yadda zai fito, ta kuma nemi izininsa a kan hotunan. Ya daɗe yana duba shafi na 6, inda hoton ɗan ƙanensa mai ganga ya ci rabin shafi, nasa kuma yake ƙarami a ƙasa, saboda na yaron ya fi haske. Ya ce mata, "'Yata, aikinki ya yi, amma a gidanmu yaro ba ya shiga gaban maigida, ko a fada ko a takarda." Ta ce, "To, Baba, za a gyara." Ya kuma gyara mata jerin sunayen da ke ƙarƙashin hoton taron, wanda ta jera daga hagu zuwa dama kamar yadda aka koya musu, shi kuwa yana so a fara da babba. An sasanta a kan a jera su bisa girma, a sa ƙaramar lamba kusa da kowane mutum a hoton.

Mayu: gwaji da masu karatu

A wannan karon ba ta tambayi kowa ko mujallar ta yi kyau ba. Ta buga kwafi ɗaya mai launi, an yanke an ɗinke, ta kai wa mutum shida, kowa shi kaɗai: 'yan ajinta biyu, wani tela, wani malamin Islamiyya, wata uwargida mai sayar da kayan ƙamshi, da wani matashi mai haya da babur. Kowannensu ta ba shi aiki huɗu, ta zauna gefe da littafinta ba ta taimaka. Za a nuna masa bango na daƙiƙa 5 a kife, ya faɗi sunan mujallar da babban labarinta. Zai nemo shafin kirari ta hanyar ƙunshiya. Zai karanta sakin layi ɗaya na Hausa da ƙarfi, tana sa alama duk inda ya yi tuntuɓe. Zai kuma nuna wane bayani ne na wane hoto.

Dukkan shidan sun faɗi sunan mujallar, amma biyu ne kawai suka tuna babban labarin. Ta riga ta rage kanun bango daga bakwai zuwa uku, sai dai ukun girmansu ɗaya ne, ido bai san inda zai fara sauka ba. Huɗu sun samo shafin kirari kai tsaye, biyu sun yi ta juya shafuka, domin lambobin shafi suna kusurwar ciki kusa da ɗinki, kuma shafukan tsakiya ba su da lamba ko kaɗan. Bayanan hotunan shafi na 6 da na 7 ta tara su wuri ɗaya a ƙasa da "sama", "dama", "hagu", kuma mutum uku sun haɗa bayani da hoton da ba nasa ba.

Karatun da ƙarfi ne ya fito da abin da babu wanda ya yi tsammani, har malamin ajin. Malamin Islamiyyar, wanda ya saba da littattafan Hausa da ake kawowa daga Najeriya, ya wuce babu tsayawa. Sauran biyar duk Hausa ce bakinsu, amma da Faransanci suka koyi karatun boko, don haka idonsu yana neman tch inda aka rubuta c, yana neman ch inda aka rubuta sh, da ou inda aka rubuta u. Telan ya tsaya a kan "cikin", ya furta shi da sautin s, ya yi shiru, ya koma farkon jimlar, sannan ya gane kalmar daga ma'ana ya yi dariya. Da ya kai layi na biyar ya fara sabawa, amma dogon sakin layin farko, mai layi goma sha huɗu, ya riga ya gajiyar da shi. Uwargidan ta bar Hausar ta juya tana neman fassarar.

Gyaran da ya biyo baya bai ɗauki mako ba. Kan babban labari a bango ya ninka sauran biyun girma, ya sauka a ƙasan hagu inda rigar dattijon ta ba da fili mai launi ɗaya, nesa da fuskarsa. Lambobin shafi suka koma kusurwar waje, har da shafukan tsakiya. Kowane bayani ya koma ƙarƙashin hotonsa. A shafi na 2 ta sa ƙaramin akwati mai layi huɗu da ke nuna yadda ake karanta c da sh da u da j, ta kakkarya sakin layukan buɗe labari ta yadda babu wanda ya wuce layi shida, ta kuma fara labarin da gajeriyar maganar dattijon da manyan haruffa, don mai karatu ya ɗan saba kafin ya shiga ƙananan.

A ƙarshen Mayu ta maimaita gwajin da wasu mutum shida dabam. Biyar sun tuna babban labarin, dukkansu sun samo shafin kirari, babu wanda ya ruɗe a kan hotuna. Tuntuɓen karatu ya ragu amma bai ɓace ba, kuma biyu daga cikinsu ba su lura da akwatin shafi na 2 ba sai da aka nuna musu.

Yuni: miƙa aiki

Sabon rahoton ya ajiye bugun Maris da na Yuni gefe da gefe, shafi da shafi, da awon kowanne, da jadawalin gwaji biyun, da sakin layi a kan buƙatar dattijon da yadda aka biya ta. Ta faɗi a ciki cewa jan bango har yanzu ya fi duhu a kan yadda take so, kuma ta bar shi haka bayan gwada kala uku a takarda ɗaya ta zaɓi mafi kusa. Makin ƙarshe 15 ne a kan 20, 9 na shafuka da 6 na rahoto. Malamin ya cire maki a kan shafi na 7, inda aka cusa fassarar Faransanci da ƙananan haruffa, da bangon baya da aka yi cikin gaggawa, da kuma rashin gwada ɓangaren Faransancin da kowane mai karatu. An baje mujallar tare da sauran ranar 21 ga Yuni, aka kai wa dattijon kwafi ɗaya.

Hukunci

Abin da ya kayar da zubin farko ba ƙarancin basira ba ne, ba kuma injin shagon ba. Ɗalibar ta tsara abin da za a riƙe a hannu, amma ta yi ta dubansa a inda ba za a karanta shi ba, kuma kusan duk aibin Maris, daga hoton zuwa zoben gefe zuwa karyayyen kakaki, irin wanda fuskar na'ura ke ɓoyewa ne. Gyaran ƙarshen Maris ya gaza ne domin kowane mataki ya bi alamar da ido ya gani, ya bar sanadinta, shi ya sa wasu matakan suka haifi sabuwar matsala, kamar yadda ƙara girman haruffa a ƙunƙuntar ginshiƙi ya buɗe giɓi. A ganina safiyar da ta yi a shagon bugu ta fi sauya manhaja amfani nesa ba kusa ba. Scribus ta ba ta wurin rubuta awo, amma awon daga bakin mai injin ya fito, kuma da ta san shi tun Fabrairu, da ko tsohuwar manhajar ta isa ta kauce wa rabin abin da ya faru.

Game da auna aikin, mutum shida ba adadi ba ne da za a gina ƙididdiga a kansa, kuma rahoton ya yi daidai da bai yi iƙirarin haka ba. Ƙarfin gwajin yana wurin cewa an ba mutane abin yi an kalli hannunsu da bakinsu, maimakon a tambaye su ra'ayi. A wurinmu, wanda aka miƙa wa aikin 'yar unguwa aka ce ya faɗi yadda ya gani, kunya kaɗai ta isa ta sa ya yaba, amma telan da ya tsaya a kan kalma bai iya ɓoye tsayawarsa ba. Matsalar masu jin Hausa da suka koyi karatu da Faransanci ba za ta taɓa fitowa daga kwaikwayon mujallun waje ba, haka ma zancen wanda ya kamata hotonsa ya fi girma. Dokar tsara shafi tana cewa hoto mafi kyau ya fi girma, dattijon kuma yana da tasa dokar, kuma tunda mutanensa ne masu karatun, tasa ce ta dace ta yi rinjaye a wannan mujalla.

Tsarin aikin da aka ba ajin ma yana da nasa kason. An bar ɗalibai mako shida suna zane kafin a nemi su buga ko da shafi ɗaya, alhali ninka takarda biyu da buga gwajin baƙi da fari a makon farko ba zai ci kuɗi mai yawa ba. Jadawalin makin bai ware komai ga hotunan da ɗalibi ya samo da kansa da izinin mai su ba, saboda haka wanda ya kwaso hoton mawaƙi daga intanet bai rasa komai ba idan aka kwatanta shi da wadda ta je zaure ta nemi yarda. Makin da aka cire mata a kan shafi na 7 kuwa daidai ne. Harshe biyu ba su shiga shafi 8 na wannan girma ba sai an takura ɗaya, kuma mafita ita ce ko a taƙaita fassarar zuwa rabi, ko a ƙara takarda ɗaya mujallar ta zama shafi 12, tunda mai ɗinkin tsakiya da huɗu-huɗu take ƙaruwa. Ta san da hanyoyin biyu tun tsakiyar Mayu, amma taƙaitawar ba ta yarda da ita ba, kuɗin takarda ta uku kuma ya riga ya tafi a bugun ƙarshen Maris.